Faifai Mai Lamba 614

Elwin Torfason yakan goge ƙasan takalminsa sau biyu kafin ya hau jirgin. Akwai wani guntun kafet da ya ajiye a gindin tsani don haka kawai, sauran daɓen rumfar kuwa duk baƙin mai ne da garin ƙarfe. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa, na rungume jakata ina kallonsa, har abokinsa Cleo Ducharme ya hango ni daga kujerarsa ta kusa da murhu.

"Elwin, sauko, ga Farfesa ta iso. Gyara hularka, alƙaliyarka ce."

"Wace alƙaliya? Jikar Olga ce, na san ta tun tana tsotson yatsa," in ji Elwin daga cikin jirgin. "Ƙaraso mana, Marnie. Ko a birni an hana ku gaisuwa?"

A garin nan na tashi, a bakin tafki, amma shekara uku ke nan ina aiki a wani ƙaramin gidan tarihin jiragen sama a Winnipeg. Aikina bin sawu ne. A ba ni jirgi, ko hotonsa, ko guntun fiffikensa, in shiga tsofaffin kundaye in gano wane ne shi, hannun wa da wa ya bi, ina ya ƙare. Aikin ya dace da ni, don takarda ba ta kallon mutum cikin ido.

Jirgin Elwin irin masu inji ɗaya ne da sojoji suka sayar bayan yaƙi, ƙashinsa na bututun ƙarfe, an lulluɓe shi da yadi. Yana sauka a ruwa lokacin zafi, a kan ƙanƙara lokacin sanyi. Mahaifinsa Haldor ya fara tuƙa shi a 1947. Shekarar da shan inna ta ɓarke, da shi ya yi ta kwaso yara daga ƙauyukan arewa zuwa asibiti, sawu talatin da ɗaya. Ciwon zuciya ya ɗauke Haldor a 1957, Elwin na da shekara goma sha ɗaya. Aka sayar wa wani kamfanin kifi jirgin, ya yi ta canza hannu har aka yasar da shi a daji. A 1998 Elwin ya jawo ragowarsa gida, ya shekara ashirin da ɗaya yana tayar da shi.

Yanzu hukumar gari ta sayar da filin bakin ruwan, ranar Litinin katafila za ta rushe rumfar. Shi kuma Elwin, tun da ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu bara, 'yarsa ta kama masa ɗaki a gidan tsofaffi a Calgary. Gidan tarihinmu na da gurbin jirgi ɗaya tak. Shugabarmu, Misis Kroeker, ta ce gurbin na jirgin Haldor ne, muddin na sa hannu cewa shi ne. In ban sa ba, akwai wani mai sayen kayan gyara da zai zo ya cire injin da fikafikan, ya yayyanka sauran. Ranar Alhamis na iso.

Elwin ya miƙo mini hannunsa mai lafiya, na hau. Ya haska tocila a jikin ƙofar matuƙi, inda aka kafe wani ɗan faifan ƙarfe da ƙusa huɗu. Bai kai tafin hannuna ba. Kowane jirgi da irinsa yake fitowa daga masana'anta, shi ne sunansa a wurin hukuma.

"Karanta da kanki. Ɗari shida da sha huɗu. Ina takardar? Akwai biro a aljihuna."

Na sauko. Na buɗe jakata, na jera kwafin takardu uku a kan teburin aikinsa, na daidaita gefensu, na sake daidaitawa. Tun a mota nake haddace yadda zan faɗa, amma da na buɗe baki sai muryata ta fito 'yar siririya.

"Mista Torfason, na samo kundin kamfanin kifin."

"Ɗaga murya, Farfesa, kunnuwa huɗu ne a nan amma ɗaya da rabi ke aiki," in ji Cleo.

Na nuna ta farko. Nuwamba 1958, 614 ya ɓurma ƙanƙara a wani tafki can arewa. Matuƙin ya fita lafiya. Jirgin ya kwana biyu maƙale da fikafikansa, aka samu aka ciro rediyo da faifai. Ta biyu, Maris 1959, ga 614 yana tashi kamar ba abin da ya faru, sai dai nauyinsa ya ƙaru da laba arba'in da biyu. Ta uku kuma ta nuna kamfanin na da wani tsohon jirgin soja irinsa, mai lamba 377, ba shi da takardun tashi, an ajiye shi don cirar kayan gyara. Daga sanyin wannan shekarar ba a sake ambatarsa ba a ko'ina.

Cleo ya taso yana jan ƙafa, ya leƙa takardun, ya yi tsaki.

"To, sai me? Haka ake yi a da. Kana da jiki ba takarda, kana da takarda ba jiki, sai ka ɗaura musu aure da ƙusa huɗu. Sufeto ya zo daga birni sau ɗaya a shekara, ya duba faifai, ya sha kofi, ya koma. Ni kaina na tuƙa wani da ya mutu sau uku."

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Elwin. Bai ɗaga kai daga takardun ba. "Ciro shi suka yi daga ruwan. Ana cirowa. Ni da hannuna na ciro uku. Nauyin kuma na gyara ne, kowane jirgi ƙiba yake yi in ya tsufa. Dubi Cleo."

Na ce hakan na iya yiwuwa, kuma da gaske nake. Na ce akwai hanya ɗaya ta rabe gardama. Masana'antar takan buga lambar a wuri na biyu, a jikin bututun da ke ƙarƙashin kujerar matuƙi ta hagu. In ya ɗaga mini kujerar na ga 614, a take zan sa hannu.

Cleo ya fara dariya, ya dubi fuskar Elwin, dariyar ta tsaya.

"Na yanke shi," in ji Elwin.

"Yaushe?"

"A 2006. Tsatsa ta ci shi har ana soka masa yatsa. Wane makanikin kirki ne zai bar ruɓaɓɓen ƙarfe a ƙarƙashin matuƙi? Na sa sabo."

"Ba ka duba jikinsa ba kafin ka yanke?"

"In duba me? Ina da faifai!"

Na tambaye shi ina tsohon yake. Su biyun suka juya suka dubi bangon baya.

A garinmu makanikin jirgi ba ya zubar da ƙarfe. Kayan gyara daga nesa suke zuwa, kuma abin da ka raina yau shi za ka nema badi, don haka kowace rumfa da tsibinta a baya. Na Elwin tun zamanin mahaifinsa ake zuba masa. Ya fi ni tsawo, ya kai tsawon motar bas, dusar ƙanƙara ta rufe shi, ƙasansa kuma ya daskare ya zama abu guda. Abin da ya ɗan sauƙaƙa shi ne Elwin kan rubuta wa duk abin da ya cire suna da shekara da fenti ruwan ɗorawa.

"Yana ciki," in ji shi. Ya ɗauki shebur da hannu ɗaya.

Ranar muka yi ta haƙa har haske ya fara ƙarewa wajen ƙarfe huɗu. Juma'a muka fito tun da gari ya waye. Ni ke ɓanɓarowa da ƙarfe, Elwin na bin tsibin da wutar walda yana narka ƙanƙarar, Cleo na zaune a kan durom yana goge duk bututun da muka miƙa masa yana karanta rubutun da ƙarfi.

"Jela, dama, 2001. Wannan kuma ba na jirgi ba ne, ƙafar gado ce. Elwin, gadon wa ka karya?"

"Na uwarka."

"Uwata a ƙasa take kwana, ba ta yarda da gado ba."

Da rana ta yi, matar Cleo ta aiko da miyar wake da gurasar bannock. Elwin ya ƙi zama. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, 'yarsa ce, bai ɗauka ba. Wani gwangwani ya tsaga masa safar hannu ya yanke shi, ya naɗe wurin da salatif ya ci gaba. Ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa sosai, sai ya koma aiki a durƙushe, yana jan jiki daga wuri zuwa wuri. Sau biyu na ce ya huta. Ko dai bai ji ba, ko muryata ce ba ta kai ba.

Da yamma, da muka shiga jin ɗumi, ya ce in zo in ga wani abu. Ya zaunar da ni a kujerar matuƙi, ya kama hannuna ya ɗora a kan wani bututu da ke saman ƙofa. Duk cikin jirgin sabon fenti ne, ban da wurin. Ya side har ƙarfen yana ƙyalli, daidai faɗin tafin hannu.

"Nan yake kamawa in zai shiga. Ya kama nan, ya yi tsalle ɗaya, sai ya miƙo hannu ya ɗago ni. Komai na kankare na sake, wannan kaɗai na bari. Ki gaya mini takarda ta fi wannan."

Na shiga jirage irinsa guda shida, kuma duk shidan sun side a wurin, don babu inda matuƙi zai kama sai nan. Na bar hannuna a kai, na ce da shi ƙarfen da sanyi.

Asabar Cleo ya daina ba'a. Mun cinye fiye da rabin tsibin, mun baje shi a kan dusar ƙanƙara kamar 'yan gwanjo. Wajen sha ɗaya, ina ta ɓangaren da ke kallon tafki ni kaɗai, na ɗaga wata tsohuwar ƙofar mota, sai ga shi a ƙasa. Tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Rubutun Elwin na nan raɗau: kujera, hagu, 06. Na juya musu baya, na ciro burushin waya daga aljihu na goga. Gefe ɗaya tsatsa ta huda shi, amma inda lambar take da sauran ƙarfe. Ukun ta fara fitowa, sai bakwai, sai wata bakwai.

Na tura shi cikin rigar sanyina, na ja zif.

Ban san me nake nufi da hakan ba. Na ci gaba da haƙa, bututun na tokare mini haƙarƙari. Na yi tunanin in jefa shi a tafki. To amma in ba a same shi ba, ba zan sa hannu ba, in an same shi ma ba zan sa ba, bambancin kawai Elwin zai tafi Calgary yana ganin rashin sa'a ce ta hana. Na kusa awa guda a haka, ina jin numfashinsa daga ɗaya ɓangaren yana fita da ƙyar, yana cewa, "Yana ciki, yana ciki," ba da kowa yake ba.

"Farfesa." Cleo ne a bayana, ya yi ƙasa da murya. "Tun ɗazu kike tafiya kamar wadda ta haɗiyi sanda. In kin bar shi a can, Elwin zai mutu a kan tsibin nan kafin Litinin. Fito da shi."

A kan teburin aiki na ajiye shi. Elwin ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya juya bututun ya karanta rubutun hannunsa, ya sake juyawa ya karanta lambar. Jini ya ɓullo ta gefen salatif ɗin hannunsa.

"Wataƙila bututun kaɗai suka ara daga wancan," in ji shi. "Don haka aka ajiye shi, ai ke kika faɗa. Cirar kayan gyara."

"Da an taɓa canza shi, da ka ga waldar gyara lokacin da ka yanke," na ce. "Ka gani?"

Ya shafa bakin bututun da yatsa. Elwin bai iya ƙarya a kan walda ba.

"Ta masana'anta ce," ya ce.

Ya jawo wani aljihun tebur, ya fito da ƙaramin akwatin katako. Ƙarafan buga lamba ne a jere, daga sifiri zuwa tara. Ya zaro shida, ya zaro ɗaya, ya zaro huɗu.

"Minti goma, Marnie. In ɗaga kujera in buga a jikin sabon, in shafa masa gishiri da ruwan batir, kafin Litinin ya tsufa. Wannan kuma tafki na nan. Ke dai fita ki sha iska, ki dawo ki ga abin da kika gani."

"Elwin, haba," in ji Cleo.

"Ba da kai nake ba! Kai ka ce haka ake yi. Su sun yi don kifi, ni ba zan yi don ubana ba?" Ya juyo gare ni, ya kama hannun rigata. "Taras, ƙanin kakarki, wa ya kai shi asibiti lokacin shan inna? Tambayi Olga. A kan buhunan wasiƙu aka kwantar da shi, ba ya iya ɗaga kai. Da ubana ya tsaya duba takarda ranar, da ba ki san kina da wani kaka Taras ba. Ban taɓa roƙon kowa komai ba a garin nan, Cleo shaida ne. Ina roƙonki."

Na dubi yatsunsa a kan rigata, don na kasa duban fuskarsa. Na san labarin Taras. A gidanmu duk Kirsimeti sai an ba da shi.

"Ba zan iya ba, Mista Torfason."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba." Ban taɓa faɗa wa babba haka ba. "Amma bari in kira Misis Kroeker. Faifan na gaske ne. A wurin hukuma wannan jirgin shi ne 614 tun 1959. Zan gaya mata gaskiya duka, in roƙe ta."

Ya sake ni. Na koma kusa da taga inda waya ta fi kamawa, na kira Misis Kroeker a gida. Tana da babbar murya, ko ba a buɗe lasifika ba ana jin ta daga nesa.

Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a rayuwata ba. Na faɗa mata abin da muka samu. Na ce aikin da ke jikin jirgin nan babu irinsa a zaurenmu, kowane ɗinki na yadin da hannu aka yi shi. Na ce labarin sauya faifan ma tarihi ne, haka mutanen arewa suka rayu da jiragensu, zan rubuta shi da kaina, mutane za su tsaya su karanta. Na ce 377 ma ya yi shekaru yana kai wa ƙauyuka gari da magani, zan bi sawunsa tun daga ranar da ya fito masana'anta. Na ce ko a waje ne a ajiye shi, a rufa masa tamfol, zuwa lokacin zafi. Har na ji kaina ina cewa don Allah, sau uku a jere.

"Marnie, ki numfasa," in ji ta. "Na ji tausayinsa, har raina. Amma gurbi ɗaya gare mu, kuma iyalan yaran nan ne suka tsaya aka gina shi. Ba zan rataya allo in ce musu ga jirgin da ya ɗauko ku ba, alhali kifi ya ɗauka. A waje kuma sanyi biyu zai yi ya ruɓe, kin fi ni sani. Faifan dai muna so. Shi ya yi sawu talatin da ɗayan nan. Za mu sa shi a gilashi da hoton Haldor. Ki tambaye shi."

Kafin in amsa na ji ƙarar injin huda ƙarfe daga cikin jirgin. Gajeriyar ƙara, ta tsaya. Ta sake, ta tsaya. Cleo ya miƙe daga kujerarsa, ya tsaya riƙe da hularsa, bai matsa ba. Duk wanda ke cikin rumfar ya san jirgin da aka cire wa faifai ba zai sake tashi ba, ko mai kayan gyara ma a matsayin tarkace zai ɗauke shi. Ƙarar ta zo sau huɗu.

"Marnie? Kina ji na? Mene ne wannan?"

Elwin ya sauko da baya, a hankali, yana laluben kowane mataki da ƙafarsa mai lafiya. Ya ajiye injin a mazauninsa, ya naɗe igiyar wutarsa yadda ya saba. Ya mayar da ƙarafan lamba uku cikin akwatinsu. Faifan na hannunsa, ya goge shi da gefen riga, ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓallin. A jikin ƙofar matuƙi sai ramuka huɗu da wani ɗan murabba'i da fenti bai taɓa shiga ba.

Na rufe bakin wayar da tafin hannu, na buɗe baki in kira shi. Cleo ya girgiza mini kai.

Elwin ya zaro makullin rumfar daga aljihun wando ya ajiye a kan takarduna. Ya ɗauki sandarsa a jikin bango, ya bi ta ƙarƙashin fiffiken ba tare da ya ɗaga kai ba, ya fita. Ta taga na ga ya wuce motarsa, ya wuce tarkacen da muka baje, ya kama hanyar bakin tafki da ƙafa, yana jan ta hagun a cikin dusar ƙanƙara.